Makirufon AT4033 a aikin albam ɗin farko na makaɗin bulugiras

A kiɗan bulugiras da wuya mutum ya fara da sunansa. Sai ya yi shekaru a bayan wani, yana kaɗa banjo ko mandolin, yana karɓar amshi, kafin ya ce shi ma zai fitar da albam da hotonsa a bango. Lester Flatt da Earl Scruggs a ƙungiyar Bill Monroe suka yi suna kafin su ware a 1948, Del McCoury ma ya yi wa Monroe jita da waƙa a 1963 kafin ya zama mai gidan kansa. Irin wannan makaɗi, ranar da ya tashi yin nasa, hannunsa ya riga ya nuna, abokan kiɗa kuma ba zai rasa ba, kowa zai zo ya taya shi kwana biyu ko uku. Abin da yakan rasa kuɗin situdiyo ne. Shi ya sa tambayar ba ta wuce wannan: makirufon nan da ake tsayuwa a gabansa kowane dare a dandamali, Audio-Technica AT4033, zai iya ɗaukar albam ɗin?

Zai iya, amma ba yadda ake amfani da shi a dandamali ba, kuma ba shi kaɗai ba. Guda biyu, da wani na uku a gaban bes, a ɗakin da aka yi wa gyara, suna ba da albam da ba za a ji kunyar kai shi gidan rediyo ba. Guda ɗaya tilo a tsakar ɗaki yana ba da abu mai rai, amma yana ɗaure wa mai albam hannu a daidai wurin da ya fi bukatar 'yanci.

Ga wanda bai saba da kiɗan ba, bulugiras kiɗan Amurka ne, na tsirkiya zalla, ba ganga, ba a kuma jona komai da wuta. Kayansa banjo mai tsirkiya biyar, da mandolin mai takwas jere biyu-biyu, da jita, da gogen Turawa, da bes, wato babban gogen nan na tsaye da ya kai tsawon mutum, wanda ake tsinka da yatsa. Wani lokaci a ƙara dobro, wata jita mai farantin ƙarfe a ciki da ake kaɗawa a kwance. Sunan daga ƙungiyar Monroe ya fito, Blue Grass Boys, sautin da aka san shi da shi kuma ya kammalu ne a Disamban 1945, lokacin da Scruggs ya shigo da bugunsa na yatsa uku. A dandamalin Ryman da ke Nashville, gidan rediyon WSM yana watsawa, makaɗa suna kewaye makirufo, wanda filinsa ya zo ya matso, ya gama ya ja da baya. Wannan shiga da fita ita ce miksarsu. Daga baya aka koma kowa da makirufonsa, sai a shekarun 1990 ƙungiyoyi irin ta Doyle Lawson da ta Del McCoury suka dawo da tsohuwar tsayuwar, kuma AT4033 na cikin waɗanda aka fi gani a tsakiyar da'irar tun daga lokacin.

Kamfanin Audio-Technica na Japan ne, Hideo Matsushita ya kafa shi a Tokyo a 1962, ya fara da alluran garmaho. AT4033 ya fito a farkon shekarun 1990, an kuma sake fitar da shi da ƙarin haruffa a ƙarshen sunan, AT4033/CL sannan AT4033a. An daɗe ana sayar da sabo wajen dala 400 a Amurka, tare da kejin roba da ake rataye shi a ciki da akwatin ajiya. Tsawonsa milimita 170, nauyinsa giram 380. Kondensa ne, wato makirufo mai bukatar wuta kafin ya yi aiki, kuma mai jin gaba: yana ɗaukar abin da ke fuskarsa sosai, na gefe ya ragu da kamar 6 dB, na baya kuma kusan ya ɓace. Ta gefen jikinsa yake ji, ba ta kai ba, kuma fuskar ita ce wadda tambarin kamfani yake kai. Wannan ƙaramin bayani ne, amma sautin da ya fito a dushe kamar daga cikin rijiya sau da yawa ba komai ba ne illa an juya masa baya.

Wanda ya kalli girman jikinsa zai ɗauka tantaninsa, wato siririn faifan da ke kama sauti a ciki, inci ɗaya ne irin na Neumann U 87. Bai kai haka ba, kuma cajinsa a zaune yake dindindin a farantin baya, wutar 48V lantarkin ciki kawai take ciyarwa. Wasu suna raina shi a kan haka. A bulugiras kuwa ƙanƙantar tantanin alheri ce ta fuska biyu. Na farko, tantani marar nauyi, mai kaurin maikiron 2 da aka yi wa feshin zinariya, yana bin farkon bugu da sauri, kuma kiɗan nan kusan duk farkon bugu ne. Na biyu, sautin da ya shigo ta gefe ba ya canja launi da yawa. Mai goge da ke tsaye a kusurwa ana jinsa a matsayin goge da ya ɗan yi nisa, ba goge da aka rufe da bargo ba. Wannan ne ainihin dalilin da ya sa ya karɓu wajen mutum biyar a kan makirufo ɗaya, ba araharsa kaɗai ba.

A kan mandolin ya fi ko'ina kyau. A ajiye shi santimita 30 daga kayan, a nufi ramin ƙasa na biyun nan masu siffar harafin f, ba wurin da tsinke yake bugun tsirkiya ba. Katakon yana fitowa, ƙarar sama tana fitowa, saran nan da mandolin yake yi a madadin ganga yana fita a bushe, a tsinke. Abin lura ɗaya ne: saran ya fi kaɗa waƙa ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya saita ƙarfin shiga lokacin da makaɗi yake karkarwar tsinke a hankali, saran farko zai cika ma'auni ya fashe. A sa shi ya yi sara mafi ƙarfi, a saita kololuwar ta tsaya wajen 10 zuwa 12 dB ƙasa da sifiri, a ɗauka a bit 24, a bar shi haka.

Jita ma tana jin daɗinsa, matuƙar an guje wa bakinta. Jitar bulugiras babba ce, irin Martin D-28 ko D-18, kuma iskar cikinta tana gurnani a wajen 100 Hz. Makirufo mai jin gaba kuma yana ƙara kauri idan an matso shi. Haɗuwar biyun a gaban rami sai ta zama buuu, ba a jin tsirkiya. A nufi gaɓa ta 12 zuwa ta 14, inda wuya ya shiga jiki, daga santimita 25 ko 30. Ɗan tudun da makirufon yake da shi a sama, wato ƙarin ƙarfin da yake ba siraran sautuka daga wajen 5 kHz, shi ke fito da tsinke a saurin gudu, har a iya ƙirga sautuka ɗaya-ɗaya.

Wannan tudun kuwa shi ne matsalar banjo, kuma a nan ya kamata a daɗe. Banjo ɗan'uwan gurmi ne na nesa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da duma da fata a tsibiran Karibiyan. Na bulugiras ya yi nisa da wancan: fatar roba ce mai faɗin inci 11 a ɗaure tamau a kan zoben ƙarfe, da kwanon katako a baya mai turo sautin gaba, ana kuma bugunsa da farcen ƙarfe biyu da na roba ɗaya a babban yatsa. Sautinsa ya fashe ne ya mutu nan take. Idan aka nufi tsakiyar fatar da AT4033 daga tazarar taki ɗaya, abin da za a samu ƙarar ƙarfe ce mai huda kunne, da kartar farce a jikin tsirkiya, ƙas-ƙas, kafin kowane bugu. A dandamali iska da jikin jama'a suna shanye wannan. A albam kuwa, mai saurare yana sanye da abin kunne, waƙa goma sha biyu a jere, ba zai kai ta biyar ba ya gaji.

Maganin a tazara yake da kusurwa, ba a kwamfuta ba. A ja makirufon ya kai santimita 45 zuwa 60, a sauke shi ƙasa da jakin banjon, a nufi gefen fatar ta ƙasa ko kuma inda wuya ya haɗu da jikin banjon. Daga nan zoben yana da filin yin waƙa, kartar kuma ta ragu. A canja tsirkiya kwana biyu ko uku kafin ɗauka, ba da safiyar ranar ba, domin sabuwar tsirkiya tana da ƙyalli da makirufon nan yake ninkawa, kuma ba ta tsaya a saiti ba tukuna. A goge faratan, a duba ko suna bugun tsirkiya da fuskarsu ko da gefe, don karta daga gefe take zuwa. Idan duk an yi wannan har yanzu akwai yaji, a rage 2 ko 3 dB da faɗi a tsakanin 3 da 5 kHz. Wanda ya ga yana bukatar rage 6 dB, wurin makirufon ne bai yi ba, a tashi a gyara shi. Idan kuma mai albam ɗin shi ne mai banjon, ya ba wannan aikin sa'a guda cur a ranar farko, ana matsar da makirufo ana ɗaukar daƙiƙa talatin-talatin, ana saurare a zaune. Sautin banjonsa shi ne sa hannunsa a faifan.

A kan goge ne ya fi rauni. Izga da ƙaro suna da nasu kaushi a daidai inda makirufon yake da haske, tsirkiyar sama kuma tana iya zama kamar ana yanka kwano. Daga sama, santimita 60 zuwa 90, a ɗan karkace, yana yin abin da za a iya zama da shi a cikin taro. Ga gogen da zai ja waƙa shi kaɗai a hankali, bai kai makirufon ribbon, mai jin sauti da siririn zirin ƙarfe, irin Royer R-121 laushi ba, ko kusa.

Murya ta danganta da mai ita. Jagora mai kaurin murya, makirufon yana buɗe masa baki, kalmomi su fito sarai. Muryar sama ta bulugiras, siririyar nan mai fita ta hanci da ake so ta yi kaɗaici, ita ce takan yi tsini, harafin s kuma ya riƙa tsartuwa. A sa rariyar baki santimita 8 zuwa 10 gaban makirufon, mawaƙi ya tsaya santimita 20 zuwa 25, a ɗaga makirufon daidai hanci a ɗan sunkuyar da shi ya kalli baki. Inda ya burge ƙwarai shi ne murya uku a kansa lokaci ɗaya: jagora a tsakiya, mai sama da mai ƙasa a kafaɗunsa, mai sama ya ja baya da rabin taki domin muryarsa ta fi ratsawa. Mutum uku da ke jin numfashin juna suna rufe baki tare, suna lanƙwasa sauti tare, kuma wannan haɗuwar ba ta samuwa idan kowa ya shiga ɗaki shi kaɗai ya ɗora tasa a kan ta wani.

Maɓalli biyu ne a gindinsa, kuma dukansu suna jawo kuskure. Na farko yana rage ƙarfi da 10 dB. A bulugiras ba shi da aiki, domin makirufon yana jure 145 dB ba tare da shi ba, babu banjon da zai kai nan. Idan an bar shi a kunne bisa mantuwa, sai a ƙara ƙarfi a gaba don cike gurbi, a jawo shuuu a banza. Na biyu yana yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz, da gangaren 12 dB a kowane rabi. A kan mandolin da goge, waɗanda sautinsu mafi ƙasa 196 Hz ne, da banjo mai 147 Hz, a kunna shi ba fargaba. A kan jita yana ɗan taɓa tsirkiyar ƙasa mai 82 Hz, amma yakan taimaka. A kan bes kuwa, ko a kan makirufon da yake ɗaukar ƙungiya gaba ɗaya, a kashe shi: tsirkiyar ƙasa ta bes 41 Hz ce, rabin 80 ke nan, maɓallin zai cinye mata wajen 12 dB, kuma abin da aka yanke a makirufo ba ya dawowa. Gara a ɗauka cikakke a yanke a kwamfuta, inda ake iya fasawa.

Wuta kuma 48V yake so cikakkiya. Akwai ƙananan miksa da suke rubuta fantom, wato sunan wannan wutar, amma suna ba da ƙasa da haka, sautin sai ya yi rauni ya riƙa fashewa da wuri. A jona wayar XLR tukuna sannan a kunna wutar, a kashe ta a jira 'yan daƙiƙu kafin a zare.

To, me ya sa ba za a yi albam ɗin duka da guda ɗaya ba, tunda da haka aka san kiɗan? Ana yi, kuma ga yadda ake yi. A kafa makirufon tsakanin ƙirji da haɓa, wajen mita 1.4. Makaɗa su yi rabin da'ira a fuskarsa, kada kowa ya wuce gefensa zuwa baya. Jita da mandolin kusa, santimita 30 zuwa 45, mai jita ya ɗaga kayansa sama idan filinsa ya zo, domin ita ce mafi ƙarancin murya a cikinsu. Goge wajen santimita 75. Banjo mita ɗaya ko fiye idan yana rakiya, ya matso santimita 60 idan nasa ne. Lissafin mai sauƙi ne: duk ninkin tazara yana rage kamar 6 dB, a ɗaki ɗan ƙasa da haka saboda bango yana dawo da sauti. Da zarar an samu daidaito, a manna salatif a ƙasa inda ƙafar kowa take, biyu ga kowane mutum, ta rakiya da ta fili.

Salatif ɗin nan ba ado ba ne. Da makirufo ɗaya, gyara ɗaya tak ya rage: a yanko rabin waƙa daga ɗauka ta uku a haɗa da rabi daga ta biyar. Idan mai goge ya gusa da taki ɗaya tsakanin biyun, ɗinkin zai fito fili. Haka idan gudu ya bambanta, kuma bulugiras ya saba ƙara sauri da kansa, musamman bayan filin banjo. A ƙirga shiga da na'urar kilik, mai buga tik-tik don tsayar da gudu, a kowace ɗauka, a kashe ta kafin bugun farko. Kada a bar ta tana bugawa a abin kunnen wani, domin makirufon nan yana da jin tsiya, zai ɗauko tik-tik ɗin a ƙarshen waƙa lokacin da tsirkiya take mutuwa, kuma ba ta goguwa.

Matsalar ita ce albam ɗin mutum ɗaya ba albam ɗin ƙungiya ba ne. Ƙungiyar da take wannan rawar shiga da fita dare ɗari biyu a shekara, ƙafafunta sun haddace. Albam ɗin farko kuwa yawanci taron baƙi ne, abokai daga ƙungiyoyi daban-daban, wasu ranar suka fara jin waƙar. Mai albam ɗin kansa sau da yawa wannan ne karonsa na farko na jan waƙa, bayan shekaru yana amshi. Muryarsa za ta yi rawa a baiti na biyu, ko ya ci wata kalma, alhali sauran sun yi kiɗan da ba za su maimaita ba. Da makirufo ɗaya sai dai ya zaɓa: ya bar kuskurensa a faifan da ke ɗauke da sunansa, ko ya jefar da kiɗan. Kuma idan an koma gida aka ji muryarsa ta nutse da 2 dB a ƙarƙashin banjo, babu maɓallin da zai ɗago ta ita kaɗai.

Shi ya sa muke cewa biyu da na uku. Hanya ɗaya ita ce a haɗa kawunan AT4033 biyu, ɗaya bisa ɗaya har su kusa taɓa juna, a buɗe su kusurwar digiri 90. Wannan yana rufe rabin da'irar duka a sitiriyo, mai albam a tsakiya, kuma tunda tantanin biyu a wuri ɗaya suke, sautin ba ya cin juna. Ita ce ta fi dacewa da waƙoƙin kiɗa zalla. Hanya ta biyu, ga waƙoƙin baki, ita ce ɗaya a sama na murya, ɗaya a ƙasa daidai ƙugu na kayan kiɗa. A nan dole a kiyaye tazara. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, saboda haka idan murya ta isa makirufo na biyu bayan ƙarin santimita 34, ta makara da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma da an haɗa su a mono sai ramuka su buɗe a 500, 1500 da 2500 Hz. Muryar ta zama kamar ana magana ta cikin bututu. Ƙa'idar ita ce tazarar makirufo biyun ta ninka tazarar baki da nasa sau uku: baki a santimita 20, su biyun a santimita 60 ko fiye. A danna mono a saurara kafin a ɗauki komai, tunda wayar hannu da rediyo da yawa a mono za su kunna shi. Ga waƙa ɗaya ko biyu da suka fi ba mai albam wuya, ya yi kiɗan tare da jama'a bakinsa a rufe, ya dawo ya ɗora muryar daga baya a nutse.

Bes yana bukatar nasa a kowane hali, domin a bayan da'ira yake tsayawa kuma daga nesa gurnaninsa kawai ke isowa, ba tsinkar yatsa. AT4033 na uku yana yi, santimita 15 zuwa 25 daga jaki, ta ɓangaren siririyar tsirkiya, a juya bayansa ga banjo. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya ari kowane kondensa mai kyau.

Ɗaki kuwa makirufon nan ba ya rufa masa asiri. Daga tazarar mita ɗaya, rabin abin da yake ji bango ne. Akwai wani tarko da ya shafi bulugiras musamman: ɗaki mai faɗin mita 3.5 yana amsawa a 49 Hz da ninkinsa 98 Hz, kuma waɗannan su ne daidai sautin G na bes da G na ƙasa a jita. Banjo a G ake saita shi, waƙoƙi masu yawa a G suke. A irin wannan ɗaki duk lokacin da aka dawo kan G a kiɗa sai ɗakin ya kumbura, sauran sautuka kuma su zama sirara. A auna ɗaki da tef kafin a kira kowa. A nemi babba, mai dogon rufi, wanda tsawonsa da faɗinsa ba ɗaya ba ne. Kada a kafa makirufo a tsakiyarsa daidai ko a jikin bango. A shimfiɗa darduma mai kauri a ƙarƙashin da'irar, a rataye barguna masu nauyi a bayan makaɗa, ba a bayan makirufo ba, domin fuskarsa bangon da ke bayansu take kallo. A kashe firji da na'urar sanyaya ɗaki, masu buga ƙafa kuma su cire takalmi.

Kejin robar yana tare girgizar ƙasa yadda ya kamata, amma sa makirufon a ciki aiki ne mai cin rai, musamman a tsohon samfuri: sai an tura shi ta cikin zaren roba har zaren ya zauna a tsagin jikinsa. Idan bai zauna ba kuma aka rataye shi kai a ƙasa, yana iya zamewa. Zaren yana saki da shekaru, a sayi na canji a ajiye. Nauyinsa da na kejin yana sunkuyar da sandar araha a hankali, sai a tarar makirufon da aka saita daidai hanci ya sauko ƙirji a tsakiyar waƙa. A miƙa hannun sandar bisa ɗaya daga ƙafafunta, a ɗora buhun yashi.

Shuuu ɗinsa na ciki 17 dB ne. A cikin ƙungiya ba a jinsa ko kaɗan. A waƙar jita ita kaɗai, a hankali, daga nesa, kunne mai kyau zai tsinkaye shi a wutsiyar sauti. Rode NT1-A yana da 5 dB kacal, amma samansa ya fi wannan kaifi, kuma a kan banjo kaifin ya fi shuuu ɗin illa. Shure KSM32 ya ɗan fi tsada, ya fi shi miƙewa, ya fi tausaya wa goge da muryar sama, sai dai bai kai shi fito da mandolin ba. AT4050 na gida ɗaya yana da salon ji uku, har da mai jin gaba da baya, wanda yake da amfani ga mawaƙa biyu fuska da fuska. Na Ear Trumpet Labs da ake haɗawa da hannu a Portland, irin Edwina da Louise, sun mamaye dandamali a 'yan shekarun nan saboda suna jure ihun lasifika kuma suna da kyan gani, amma a ɗakin ɗauka ba lasifika, ba 'yan kallo, fifikon nasu ya ragu. U 87 kuwa ya haura dala 3000, kuɗin da zai sayi AT4033 uku ya kuma biya wanda zai gauraya albam ɗin.

Na hannu suna da yawa a kasuwa, kuma da yawansu sun sha rana da raɓa a bukukuwan fili. Kafin a biya, a jona shi, a sa abin kunne, a huro masa numfashi mai ɗumi a hankali daga ɗan nesa. Idan ya yi tsartsar ko sautin ya ɗauke ya dawo, tantanin ya yi datti yana riƙe danshi, a bar shi. A girgiza shi a ji ko wani abu yana motsi a ciki. Idan za a haɗa sabo da tsoho a sitiriyo, a jera su kafaɗa da kafaɗa gaban jita ɗaya a ga ko ƙarfinsu da launinsu sun zo ɗaya. Bayan aiki a mayar da shi akwati da ƙullin silika, kada ya kwana a kan sanda a buɗe.

Ga mai mandolin, mai jita, ko mawaƙi mai kaurin murya da ke shirin albam ɗinsa na farko, mun ba da shawarar a saye shi, biyu. Mai banjo ma ya saya, da sharaɗin zai ba tazara haƙƙinta. Mai goge ne kaɗai za mu ce ya dakata: ya bar AT4033 a kan muryoyi da sauran kayan, ya yi hayar ribbon na kwanakin ɗauka ya kafa shi bisa gogensa, wutar 48V a kashe a layin.